Kwanson Goron Inna

A shekarun da Kano ta koyi rufe ƙofa tun kafin isha'i, lokacin da kowa ya iya bambance ƙarar fashewar taya da ta wancan abin da ba a son ambata, idon Inna ya fara rufewa.

Inna kakata ce, wadda ta haifi babana. Goro take sayarwa a soron gidanmu na Sheshe tun ban zo duniya ba. Da yanar ido ta rufe mata gani ba ta daina ba, don dama ba da ido take sanin goro ba. Takan zura hannu cikin huhun goro, ta ɗaga ganyen fita da ake lulluɓe shi da shi, ta shafa, ta ce wannan ɗaushe ne, ya daɗe a ajiye ya yi daɗi. Wannan sabo ne, yauƙi zai yi a baki. Wannan kuwa tsutsar sankara ta huda shi, a jefar. Ni ina gefenta da littafi a cinya. Ina jami'a a lokacin, ina rubuta waƙoƙin da babu mai karantawa sai ni. In ta ji shiruna ya yi yawa sai ta jefo mini goro ɗaya a tsakiyar shafi.

"'Yar boko, watansa nawa?"

In na canka daidai ta ce sa'a ce. In na kuskure ta ce dama me ake koya mana. Da haka na iya goro ba tare da na yi niyya ba.

Mijinta, kakana, bafatake ne, ya yi ta zuwa kurmi saro goro har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya gaya mata cewa goro ba tsirara yake zuwa duniya ba. Wai a cikin wani koren kwanso yake, mai ƙuraje kamar bayan kwaɗo, in an fasa a tarar da 'ya'yan a jere, kowanne da farar rigarsa. Inna ba ta taɓa yarda ba. Ta ce fatake in sun yi nisa bakinsu ma nisa yake yi. Ya yi mata alkawarin zai kawo ta gani, kowace tafiya ya manta, har ya rasu.

Wata ƙungiya ce ta ga waƙa ɗaya tilo da na taɓa bari ta fita, wadda na rubuta da Turanci a kan takalman da mutane suka bari a titi wata ranar da aka yi gudu. Suka aiko cewa sun zaɓe ni cikin 'yan mata goma daga garuruwan da ake tashin hankali, za su kai mu wani wurin shaƙatawa a tsakiyar kurmi, can kudu, mu yi mako guda hankalinmu ya kwanta. Baba ya ce ba inda za ni. Inna ta ce a bar ni, tana da aike.

Ranar tafiya ta kira ni soro, ta ɗaure mini ɗaushe biyar a ganyen fita.

"Ba tsaraba nake so ba," in ji ta. "Ki kawo mini goro a gidansa, ba a fasa ba. Ni zan fasa da hannuna. In mutumin nan ƙarya ya yi mini shekara arba'in, ina so in sani kafin in je in same shi."

Kwana biyu muka yi a mota.

Kurmin kansa ban raina shi ba, kuma har yau ba na so a ji kamar na raina shi. Ni da na tashi a lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe, ban san kore yana da iri-iri haka ba. Bishiyoyi suna miƙewa har wuya ya gaji. Hasken rana yana saukowa kamar an tace shi a rariya. Ruwa yakan ɗauke a sama, amma ya ci gaba da zuba a ƙasa daga ganye zuwa ganye, kamar dajin yana maimaita abin da aka gaya masa. Da an bar ni in zauna a kan wani kututture in yi shiru na mako guda, da wataƙila hankalin nawa ya kwanta da gaske.

Sai dai tsakanina da kurmin an jera mutane.

Ta farko ita ce uwar tafiya, wata mata mai sanyin murya irin ta masu zuwa gaisuwar mutuwar da ba ta dame su ba. Ba ta riƙe sunan kowa a cikinmu ba, "waɗanda suka tsira" take kiranmu. Kullum da safe sai ta riƙe hannun kowace ta tambaye ta mafarkin da ta yi. In kika ce kin yi barci lafiya sai fuskarta ta canza, kamar kin hana ta aron abu. Mai kyamara yana bayanta kamar jela.

Na biyu shi ne jagora. Gajeren wando yake sawa, da malafa, da usur a wuya, da wata sanda da ban taɓa ganin ya dogara ba. Jawabinsa a haddace yake. In wata ta katse shi da tambaya sai ya tsaya, ya dubi sama, ya koma farkon jimlar ya taho da ita daga tushe. Ya san sunan kowace bishiya da Latin, ko kuma ya san babu wadda za ta ƙaryata shi. Ya hau da mu gadar igiya da aka ɗaura tsakanin kawunan bishiyoyi, kuma a daidai inda na fara ganin dajin ya shimfiɗu kamar koren bargo har ƙarshen duniya, ya ce mu juyo mu yi murmushi. Ya sa muka rungumi wata ƙatuwar bishiya, wai mu bar tsoronmu a jikinta. Wata yarinya da aka yi wata bakwai ba a ga yayanta ba ta rungume ta da gaske, har da rufe ido. Tururuwa ta cika mata hijabi.

Abin da ban yafe masa ba shi ne usur. A rana ta biyu mun ɗan watsu muna kallon wasu birai, ya busa shi a bayanmu ba zato. Mu goma muka durƙushe a lokaci guda, wasu da hannu a ka. Ya yi dariya. Uwar tafiya ba ta yi dariya ba, ita juyawa ta yi wajen mai kyamara ta ce, "Ka samu?"

Ni ban iya faɗa ba. A gidanmu ma an san ni da cewa in aka ɓata mini sai in yi shiru in dubi bango. Amma a makon nan na gane shiru ma yana iya cika da raini har ya yi nauyi a ƙirji.

A rana ta uku aka fita abin da suka kira sanin tsirrai. Tun a hanya nake duban kowane reshe, ina neman bayan kwaɗo. Can jagora ya ɗaga sandarsa, ya ce yau yana da abin mamaki musamman domin 'yan arewa.

"Ga bishiyar goro," in ji shi. "Abin da mutanenku ba sa iya rayuwa in babu shi."

Bishiya ce da allo a jikinta. A gindinta kuwa ga goro nan a warwatse kan ganye, fari da ja, tas da shi, wasu ma a maƙale a tsakanin rassa.

"Ku tsinta. Da safen nan suka faɗo."

'Yan mata suka duƙa suna tsinta, mai kyamara yana zagaya su. Ni kuwa ban duƙa ba. Na ce ashe Inna ce da gaskiya, goro faɗowa yake tsirara kamar kanya, kakana ya mutu da ƙarya a bakinsa, kuma ni ce zan kai labarin. Na yi kusan minti guda a tsaye ina jin haushin mutumin da ban taɓa gani ba.

Sannan na duƙa na ɗauki ɗaya, yatsuna suka yi abin da aka koya musu. Jikinsa a bushe yake, a tsuke. Na kai hanci, na ji ƙamshin fita. Na juya shi, ga 'yar hudar sankara. Na gatsa, babu yauƙi ko kaɗan.

"Malam," na ce a hankali, "yau ya faɗo?"

"Yau da safe."

"To a sama ya tsufa ke nan. Wannan ya kai wata biyar."

"Bishiyar goro," ya fara, "tana daga cikin..."

"Da sankararsa ya faɗo, Malam?"

Ya dubi sama, ya koma farkon jimla. Da ya juya zai wuce gaba na ga bakin baƙar leda ya leƙo daga aljihun wandonsa. A garin da muka baro a bakin hanya na ga wani Bahaushe da farantin goro a tasha. Wa ya sani ko goron nan ya je har Kano ya dawo, aka watsa shi a gindin bishiya don 'yar Kano ta tsinta ta yi mamaki.

Da muka koma masauki na same shi shi kaɗai, na roƙe shi da ladabi ya nuna mini goro a kwansonsa, ko ɗaya ne, na kakata ne. Ya gyara malafa ya ce doka ta hana a fitar da ko ganye daga dajin nan. Baƙo hoto kawai yake ɗauka.

"Ba ta gani," na ce.

"To ki kwatanta mata," in ji shi, ya busa usur na cin abinci.

Rana ta biyar ita ce ranar al'adu. Aka kai mu wani ƙauye a bakin dajin. Tun kafin mu sauka uwar tafiya ta miƙo mini ƙwarya da wata guntuwar riga mai ado, don a takardar da na cike na rubuta cewa mu Fulani ne. Wai in ɗora ƙwaryar a ka in nuna yadda muke tallan nono.

"Hajiya," na ce, ko da yake ba Hajiya ba ce, "mu Fulanin soro ne. Rabon gidanmu da saniya sai ta layya."

Ta ce ai don hoto ne kawai. Na ce na sani. Na ajiye mata ƙwaryarta a kan kujerar mota.

An tara mutanen ƙauyen a fili da tsakar rana. Da gani ka san daga aiki aka taso su, wani ma da adda a hannu sai da jagora ya karɓe. Aka ɗaura musu ganye a ƙugu a kan tufafinsu na kullum, suka yi rawa suna duban inda rana take. Mata biyu suna daka a turmin da babu komai a ciki. Jagora yana bayani cewa haka kakanninsu suke yi shekara dubu. Na ji kunya ta kama ni a madadin kowa, na ce zan nemi ruwan alwala, na zagaya bayan gidajen.

A can na same ta. Wata tsohuwa ce zaune a kan guntun itace, ƙafafu a miƙe, da kwano cike da ruwa a gabanta. Tana tsamo wasu fararen abubuwa tana murje su da babban yatsa, farar fatar tana saɓulewa, jan goro yana fitowa yana sheƙi. A gefenta kuma ga tsibin wasu korayen abubuwa, kowanne ya kai tsawon tafin hannuna har da wuyan hannu, jikinsu duk ƙuraje.

Bayan kwaɗo.

Na durƙusa na gaishe ta da Hausa, ta amsa da yarensu. Na gwada Turanci, ta kaɗa kai. Sai na kwance ganyen fita na ciro ɗaya daga ɗaushen Inna, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina, ta gatsa da haƙoran gefe. Ta daɗe tana tauna. Sannan ta dube ni ta gyaɗa kai sau biyu, irin gyaɗawar da mai sana'a yake yi wa aikin ɗan'uwansa. Na nuna tsibin, na rufe idanuna da tafin hannu, na ranƙwafa kamar tsohuwa. Ban san me ta fahimta ba. Ta dai tona tsibin, ta ƙi na farko, ta ƙi na biyu, ta zaɓo wanda ko tsaga babu a jikinsa, ta naɗe shi a ɗanyen ganye ta ɗora mini a hannu. A duk makon nan ita kaɗai ce ta nuna mini wani abu na kurmi, kuma ba ta ce uffan da zan iya ji ba.

Na ɓoye shi a ƙarƙashin hijabi na wuce ta gaban jagora. Kwana biyun da suka rage na yi ta yayyafa masa ruwa a banɗaki, na naɗe shi da jiƙaƙƙen ɗankwali. A mota a cinyata ya yi tafiya.

Da hantsi muka iso shingen bincike na shiga Kano. A lokacin ƙa'ida ce kowa ya sauka, ya ɗauki jakarsa, ya taka a ƙasa hannu a sama. Wani mai bindiga ya ce in buɗe jaka. Ya tura hannu, ya taɓa abu mai tauri a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya buɗe gefe ya ga kore mai ƙuraje. Ya yi tsalle baya ya daka tsawa. Kafin in ɗago, duk mutanen motarmu suna kwance a kan kwalta.

"Mene ne wannan?"

"Goro ne, ranka ya daɗe."

"Goro?" Ya tofar da yawu, ja wur. Goro ne a kuncinsa, har ya rina masa haƙora. Hausarsa kuma irin tamu ce, ba ta koyo ba. "Ni za ki koya wa goro? Tun ba a haife ki ba nake cin goro!"

"Haka yake a bishiya. Don Allah kada a fasa, na kakata ne."

Ya sa na ajiye shi a tsakiyar titi, na ja baya. Ya daɗe yana zagaya shi daga nesa kamar kaza ta ga maciji. Da ya ga bai yi komai ba ya matso, ya miƙa wuƙar da ke bakin bindigarsa, ya kau da fuska, ya tsarga shi. Kwanson ya rabe biyu. Fararen 'ya'ya suka bayyana a jere, ɗaya ya gangara ya faɗa kwata. Ya tsaya yana kallo, bakinsa ya daina motsi. Na zaci zai ce wani abu. Ya ce, "Kwashe ki wuce, kuna ɓata wa mutane lokaci."

A cikin adaidaita sahu, daga Ƙofar Nassarawa zuwa bakin lungunmu, na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na haɗa ɓarin biyu, na zare zare daga gefen ɗankwalina, na ɗaure su tam ta cikin ƙurajen yadda ba zai fito ba, na mayar cikin ganye. Na ce ai ba ta gani.

Na tarar da ita a soro, huhu a gabanta. Ta ji takuna.

"'Yar boko, an dawo? Hankalin ya kwanta?"

"Ya kwanta, Inna."

"Ina aikena?"

Na ɗora mata a cinya. Ta goge hannuwanta a zani, ta yi bisimilla, ta warware ganyen a hankali. Ta bi ƙurajen da yatsu tun daga wannan kai har wancan, bakinta yana ɗan motsi. Sai yatsan ya tsaya. Ya koma baya. Ta sa farce ta ɗago zaren.

"Bishiyar kurmi da zare take ɗinke 'ya'yanta?"

Na dubi zaren a bakin farcenta. Ni da na yi mako guda ina raina mutum don ya watsa tsohon goro a gindin bishiya.

"Wa ya riga ni?"

Na gaya mata duka, har kwanciyar da mutane suka yi a titi.

"Da goro a bakinsa, kika ce?"

"A bakinsa, Inna."

"Allah ya shirya. Shi tsoro ya sa shi. Ke fa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tsinke zaren da haƙori, ta tofar, ɓarin biyu suka buɗe a tafinta. Ta ƙirga gurabun da yatsa, shida, ta ƙirga 'ya'yan, biyar. Ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana shafa shi. Ta karce da farce, farar fatar ta ɗan ɗago, ta bi ta ƙarƙashinta har ta taɓa goron da ta sani.

"Ashe da rigarsa," ta ce, ba da ni take ba.

Wani maƙwabcinmu ya yi sallama yana son goro na kunci ɗaya, ta ce ya dawo an jima. Ban taɓa jin ta mayar da mai saye ba sai ranar. Ta ci gaba da murza har ta tuɓe shi duka, ta ɓare, ta gatsa. Ta yamutsa fuska.

"Ɗanye sharaf. Wannan ko kyauta ba na bayarwa." Ta tauna duk da haka. "To, kakanki ya yi gaskiya a wannan. Saura kifin da ya ce ya fi jaki girma."

Sauran huɗun ta ƙi tuɓe su. Ta mayar da su gurabunsu, ta naɗe kwanson a sabon ganyen fita, ta tura ƙarƙashin matashinta. Sannan ta laluba tabarma har ta samo guntun zaren, ta miƙo mini.

"Riƙe kayanki. In za ki sake yi wa makaho dabara, ki bari sai hannunsa ya mutu."